Goggo Mikal da Sunan da Aka Rubuta

A Garin Audi, can cikin kwarin Tarka, idan aka aiki yaro ya daɗe, uwarsa tsumagiya take nema ta tsaya a bakin ƙofa. Goggo Mikal ita takalminta take nema. Sai ta bi sawun yaron a hankali, ta laɓe a bayan darni ko gindin aduwa, ta ga abin da ya tsayar da shi. Ba ta kiransa, ba ta ko gyaran murya. Ta komo gida ta ci gaba da dakanta, in ya iso da gishirin da aka aike shi tun hantsi, ta karɓa ta ce masa sannu da hanya.

Matan gari sun daɗe suna cewa lalata yara take yi. Masu kaifin baki har sukan ƙara da cewa wadda ba ta san zafin naƙuda ba, ina za ta san yadda ake horon ɗa. Tana ji, ba ta tankawa. In an matsa mata sai ta ce, "Ku bakin yaro kuke tambaya, ya yi muku ƙarya. Ni ƙafarsa nake tambaya."

Mikal ita ce babba a ɗakinsu. Ubansu ya zo daga wajen Damagaram da hauyarsa da Littafinsa, mai garin wancan zamani ya yanka masa gona, ya zauna. Har yau gidajen Kirista huɗu ne a garin, suna sujada a wani ɗakin laka da ba ya cin mutum talatin. An kai Mikal aure Tanut, ta yi shekara goma sha biyu Allah bai ba ta haihuwa ba, sannan mijin ya rasu. Ta komo gida, ta ƙi wani auren, ta ja darninta a gefen gidan ƙanenta Kaleb, ta kama noma da kiwon awaki.

Yara bakwai ta riƙe, na dangi da na maƙwabta. Hosana a gindin keken ɗinki ta same ta ranar kasuwa, ta saki baki tana kallon allura, yanzu ita ke da shago a Tanut. Husaina, ƴar wani maƙwabcinsu Musulmi da uwarta ta rasu wurin haihuwa, a tagar lakol, makarantar boko, ta same ta tana maimaita karatun da ba a sa ta ba. Mikal ta yi sati uku tana zarya gidan uban kafin ya yarda a sa ta lakol, ga ta yau tana koyarwa. Ba duka suka yi mata daɗi ba. Akwai wanda kullum a tasha take samunsa yana kallon manyan motoci, ta rasa me za ta yi da wannan, ya girma ya bi su ya yi arewa, shekara shida ke nan ba labari. Ba ta ɓoye wannan in ana yabonta. Takan ce, "Wancan ban iya karanta shi ba."

Na ƙarshe a hannunta shi ne Gidiyon, ɗan farin Kaleb. Ana yaye shi aka miƙo mata shi ta kan darni, kamar yadda aka saba yi da ɗan fari. Uba ba ya ɗaukarsa, ba ya wasa da shi, ba ya kama sunansa. Kaleb kuwa mutum ne da ba ya yin abu rabi. Shekara ashirin ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinsa. "Yaron nan," ko "yaron Yaya," iyakarta ke nan. In ana yabon yaron a majalisa sai ya kau da kai, ya shiga gyaran takalminsa.

Gidiyon yana shekara bakwai ta aike shi babbar rijiya da ƴar jarka, ya wuce azahar. Ta bi shi. Ta tarar da shi a tsugune kusa da wani tsohon Bafillatani, Ahmadu, wanda ya zura hannu har kafaɗa a cikin saniyar da ɗan maraƙi ya zo mata a karkace. Jarkar tana can ta faɗi, jakuna suna taka ta. Da maraƙin ya fito, yaron ya yi wata irin ajiyar zuciya kamar shi ya haife shi. Kashegari Mikal ta dama fura ta kai wa tsohon, ta ce, "Ga ɗa na kawo maka. In ya yi rashin ji ka ja kunnensa, amma kada ka kore shi."

Lakol da safe, rijiya da la'asar, haka ya tashi. Ya yi kolej a Belbeji har aji uku, kowane hutu yana wurin Ahmadu, har tsohon ya rasu. Kafin ya kai sha takwas, in akuya ta kasa haihuwa ko jaki ya karye, ƙofar Mikal ake bugawa. Amma akwai inda hannunsa yake tsayawa. Bara da ciwon awaki ya shigo garin, ya gane shi tun a akuyar farko, sai dai ba a ba wanda ba shi da takarda allurar rigakafi. Kafin ma'aikata su iso, awaki arba'in sun tafi.

A gidan Kaleb kuma akwai Akila, ɗan ƙaramin ƙanensu Mikal, wanda ubansa ya rasu yana goye. Kaleb ya riƙe shi, shi ne kuma sunan da ake ji a bakinsa sau goma a yini. Yaro ne mai ladabi. Amma duk garin an san in za a yanka ragon Kirsimeti, Akila yakan tuna yana da aiki a bayan gari.

Ranar da abin ya faru, farkon kaka ne, Mikal tana gona tana roron wake. Da ta komo da la'asar, Fatu matar mai gari ta tare ta a hanya, fuska cike da fara'a.

"Mikal, yau ƙanenki ya nuna shi ɗan halak ne."

"Me kuma ya yi?"

Fatu ta ba ta labari. Wata ma'aikaciyar kiwo ce ta zo daga Belbeji, Madam Rukaiya. Ta ce kowane gari ya ba da matashi ɗaya mai karatu, a horar da shi wata uku, ya komo da akwatin magani da takardar izinin yi wa dabbobi allura. Nan da sati biyu za a fara. Mai gari Abdulgafar ya ce wa jama'a wannan ba abin dogon zance ba ne, kowa ya san gidan da hannun dabba yake. Ya juya ya ce, Kaleb, ba ta suna. Kaleb ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana tonon ƙasa da tsinke, sannan ya ce, Akila. Wani dattijo ya ce madalla, haka manya suke yi. Aka sa masa albarka, Madam ta rubuta, ta shiga mota.

Mikal ta sauke kwandon waken daga kanta, ta ajiye a tsakiyar hanya.

"Ba wanda ya ce uffan?"

"Me za a ce? Mutum ya tsallake nasa ya ba maraya."

"Ke da jar akuyarki ta kwana biyu tana naƙuda, maraya kika aika a kira?"

"Ai wannan daban, Mikal."

"Daban ne. Ranar kina son akuyarki."

Ba ta shiga gida ba. Ta bar waken a hannun Fatu ta miƙe gonar Kaleb, ta same shi yana ɗaurin damin hatsi.

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Ban zo gaisuwa ba. Saki igiyar nan ka dube ni."

Ya saki, amma bai dube ta ba. "Yaya, ke ma kin san yadda abin yake. Ta ina zan buɗe baki a gaban dattawa in ce nawa? Ga ɗan ƙanenmu a zaune a gidana. Gobe a ce na ga samu na tuna da ɗan cikina."

"Ka tambayi Akila?"

"Ana tambayar yaro in za a yi masa alheri?"

"Yaron da in an fiɗe kaza sai ya rufe ido. Shi za ka tura ya soka wa bijimi allura. Kaleb, yara biyu ka cuta da alheri ɗaya, kuma ka zauna aka sa maka albarka a kai."

"Yaronki ai ya riga ya iya. Me takarda za ta ƙara masa?"

"Je ka tambayi awakin bara. Uku naka ne a ciki." Ta matso kusa da shi. "Shekara goma sha uku yana wari a bakin rijiya. In ba takardar nan, haka zai tsufa, a kira shi in dabba ta kusa mutuwa, a sallame shi da ƙwaryar nono. Ba don kai na raine shi ba, amma ban raine shi don ka yi kwalliya da shi a majalisa ba."

Kaleb ya ɗauki igiyarsa. "Magana ta riga ta fita, Yaya."

Da safe ta je ƙofar mai gari. Tare suka yi ƙuruciya, don haka ba ta tsaya dogon durƙuso ba.

"Ranka ya daɗe, kai ka ce kowa ya san gidan da hannun dabba yake."

"Na faɗa."

"To me ya hana ka faɗi sunan da kanka? Kai ai ba ɗan farinka ba ne."

Abdulgafar ya shafa gemu. "Na so in ba shi girmansa ne."

"Ka miƙa wa mutum abin da ka san ba zai iya ɗauka ba, ka ce girma ne. Ku arba'in a zaune, kowa ya san gaskiya, kowa yana jiran wani ya faɗa."

"Mikal, bakinki bai tsufa ba. Maganar uba ce. In ya zo ya ce ya sake, ni ma na sake."

Daga nan ta nemi Akila. Ta same shi a bayan gida, laka har gwiwa, yana ɗora wuyan wani sabon rumbu. Da ya gan ta ya sauko ya tsuguna.

"Kana son zuwa Belbeji?"

Ya shiga murza lakar yatsunsa. "Goggo, tun ranar abinci ba ya shiga."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Baba ya fifita ni a kan ɗan cikinsa a gaban gari. Sai in tashi in ce ba na so?"

Mikal ta ɗaga kai ta dubi rumbun. Cikinsa ya fito sumul kamar an zuba shi a ƙwarya, ba tsaga ko ɗaya. Shekara nawa tana wucewa ta nan ba ta taɓa tambayar wa ke gina rumbunan gidan ba. Kunya ta kama ta, kunyar kuma ta ƙara hura mata wuta.

Wanda ya fi ƙona mata rai shi ne Gidiyon kansa. Da ta yi masa maganar, cewa ya yi, "Goggo, a bar shi. Akila ɗan'uwana ne. In ya komo da akwatin sai mu yi aikin tare."

"Shi da takarda, kai da jini. In mota ta zo shi za a kira, kai kana riƙe da ƙaho." Ta buga muciya a bakin tukunya. "An koya muku haƙuri har ya zama muku ciwo."

Daga ranar ta kafa doka. Duk wanda ya zo da tunkiya mai zawo ko jaki mai ɗingishi, a bakin darni take tare shi. "Ku je wurin wanda kuka rubuta." Wasu su yi dariya, wasu su tafi suna gunaguni cewa tsohuwar nan ta fara rikicewa. Gidiyon yana ciki yana jin su, yana ta juyi a kan tabarma kamar mai ƙaiƙayi, amma bai taɓa ƙetare maganarta ba, bai kuma fara a lokacin ba.

Saura kwana biyar a fara horon, da sassafe, san Kaleb, bijimin gidan, ya tsinke igiya ya faɗa gonar wake, ya cika cikinsa da ɗanyen ganye mai raɓa. Bijimin nan shi ke jan ruwa a rijiya, shi ke jan amalanken gidan. Kafin hantsi cikinsa ya kumbura, yana nishi ana ji har gidan Mikal. Ta ji takun ƙanenta tun kafin ya yi sallama. Ta fito ta tsaya a ƙofa, ta cika ta.

"Yaya, yaron nan yana ciki?"

"Wane yaro? Bakwai na riƙe."

"Yaya, san zai mutu."

"Yana da suna. Kai ka zaɓa masa shi a cikin Littafi, ba ni ba. Kira shi ya fito."

Kaleb ya tsaya. Ta ga leɓɓansa sun buɗe. Dattijo mai furfura, zufa tana bin wuyansa, yana kallon ƙasa kamar yaron da aka kama da satar gyaɗa. Can ya juya, ya koma da sauri.

Mikal ta leƙa ciki don ta ce wa Gidiyon ya zauna inda yake. Tabarma ce kawai. Kwalbar man girkinta ba ta nan, ƴar jakarsa ma ba ta nan, darnin baya kuma ya kwanta inda aka taka shi. Ta ce, "Ɗan banza," ta saka takalmi ta bi shi.

Ta tarar mutane sun yi da'ira. San yana tsaye da ƙyar, gefen hagunsa ya tashi kamar ganga, harshe a waje. Gidiyon da ba ya iya haɗa ido da babba, ga shi yana ba da umarni ba ya ko duban wanda yake ba. "A juya shi, ƙafafun gaba su hau tudu. A riƙe ƙahon da kyau. Akila, miƙo itacen can." Wanda ya riƙe ƙahon ubansa ne. Ya gitta itacen a bakin san, ya ɗura masa mai, ya danna cikin, ya kasa kunne. San ya fara durƙushewa. Sai ya auna da tafin hannu daga ƙashin ƙugu, ya zaro ƴar wuƙarsa ya huda, ya zura wani siririn bututun ƙarfe. Iska ta fito da ƙara, da wari mai hawa kai, da kumfa da jini kaɗan. Mutane suka ja da baya. Cikin ya fara saɓewa a hankali.

Akila yana riƙe da igiya. Da ya ga jinin yana gangarowa, sai ya saki, ya dafa ƙasa, ya yi ta amai. Wasu samari suka fara dariya, ɗaya ya ce, "A kawo wa likita ruwa."

San ya ɗaga kai ya yi wata doguwar gyatsa. Aka shiga cewa Allah ya yi albarka. Kaleb ya dubi wani wuri can sama da kan ɗansa, ya ce wa iska, "A ba shi ruwa ya wanke hannu."

Mikal ta ratsa mutanen ta shiga tsakiya. Ba ta ɗaga murya ba. "Ku da kuke dariya, me yaron nan ya yi muku? Shi ya rubuta kansa? Ubanninku ne suka zauna suka ce madalla. Kun gani da idonku yau, kamar yadda kuka gani bara da bara waccan. Anjima kuma za ku koma gindin bishiya ku ce Kaleb ya cika mutum."

Akila ya goge bakinsa, ya ja jiki ya durƙusa a gaban Kaleb, a gaban kowa. "Baba, ka gafarce ni. Ba raina alherinka na yi ba. Ba zan iya ba. Ka bar ni da lakata."

Kashegari rana ba ta gama fitowa ba ta ji kukan jaki a ƙofarta. Kaleb ne da amalanken aro, ya sa rigarsa ta zuwa majami'a. Ya ce, "Yaya, hau." Ta hau. Awa uku suna tafiya cikin rairayi, tsakanin gonakin da ake girbi da garken Buzaye masu gangarowa kudu.

A Belbeji suka sami Madam Rukaiya a bironta, wato ofis, mace mai matsakaicin shekaru da tabarau a goshi. Bayan gaisuwa Kaleb ya zaro wata leda daga aljihu, ya warware ta a hankali, ya shimfiɗa takardar haihuwa a kan tebur, ya tura mata da yatsa.

Ta karanta. "Gidiyon Kaleb. Wannan fa?"

"Shi ne. Shi ya kamata."

"Baba, ranar ai kai ka ba ni suna da bakinka."

"Na yi kuskure."

Ta sauke tabarau ta dube shi, ta dubi Mikal. Bahaushiya ce, ba ta buƙaci a yi mata bayani ba. Ta ce, "Takardar sunaye ta riga ta tafi Damagaram. In zan kira su in ce a sake, sai na ba su dalili, don ba ku kaɗai ke zuwa da ɗan wani ku koma ku kawo ɗanku ba. Me ya iya?"

Kaleb ya waiwayi yayarsa. Maganar tana bakin Mikal, shekara goma sha uku a jere, ta buɗe baki za ta fara. Sai ta rufe. Ta gyara zama, ta harɗe hannu, ta kafa wa bango ido.

"Kai nake tambaya, Baba," in ji Madam.

Da Kaleb ya fara magana, da kusurwar teburin yake yi.

"Yana shekara tara ya ɗaure ƙafar ɗan akuya da kara da tsumma. Ta warke ba ɗingishi. Yana sha biyu ya kwana uku yana ɗura wa wani maraƙi ruwan kanwa da cokali, uwar ta mutu, maraƙin ya rayu, shi ne san da ke gidana yanzu. Akwai raƙumin wani Buzu da sirdi ya ci wa baya har tsutsa ta shiga, masu shi sun wasa wuƙa. Ya roƙe su kwana goma. Da ƙafarsa raƙumin ya koma Abzin. In ya taɓa kunnen dabba ya san ko da zazzaɓi. Ba ya dukan dabba, ko jaki. Bara da ciwon awaki ya zo, gida gida ya bi yana cewa a ware masu majina, aka yi masa dariya. Da suka mutu ya je bayan majami'a ya yi kuka, yana tsammani ba mai ganinsa." Ya tsaya. "Jiya kuma ya huda cikin sa a gabana, hannunsa bai yi rawa ba. Nawa hannun ne ya yi."

Madam Rukaiya ta ɗauki salula ta fita baranda, suka ji ta tana Faransanci, murya tana hawa tana sauka. Da ta komo ta ce, "Litinin da safe ya zo da hoto biyu da tabarmarsa. Ku gode Allah ba a buga katin ba tukuna."

Sun yi rabin hanyar komawa kafin Mikal ta yi magana.

"Ashe kana gani."

Kaleb ya taɓa jakin da sanda.

"Maganar cokalin nan ko ni ban sani ba. Kana gani, kana ajiyewa, kamar mai tara hatsi a rumbu yaransa suna kwana da yunwa. Da ban tashi ba da ka kai shi kabari. Yaron yana tsammani ko kamanninsa ba ka sani ba."

"Haka Baba ya yi miki, Yaya. Ke ma ƴar fari ce."

"Haka ya yi mini. Har ya mutu ban san ko na taɓa yin abin da ya gamshe shi ba. Kana tsammani daɗi na ji?"

Suka wuce wata rijiya, raƙumi yana jan igiya, mata suna jira da jarkoki. Kaleb ya ce, "Gobe a majalisa za a ce na haɗiye maganata. Za a ce na cire daga bakin maraya na sa a bakin nawa."

"Za a ce. Ka zauna ka ji, ba ya kisa."

Da rumbunan Garin Audi suka fara bayyana, ya rage wa jakin tafiya. "Yaya, abu ɗaya nake roƙo. Ki ce masa an karɓe shi, shi ke nan. Abin da na faɗa a can, ki bar shi a can."

"Ko ruwa ba zan sha ba sai na faɗa masa."

"Yaya."

"Ka yi naka shirun shekara ashirin, ba ka ara mini shi ba."

Haka kuwa ta yi. Ta sauka tun amalanken bai gama tsayawa ba. Gidiyon yana tsakar gida yana dakan kanwa a ƙaramin turmi. Ta ce masa Litinin zai tafi, sannan ta tsaya a kansa da ƙurar hanya a ƙafarta, ta shiga jero masa abin da ubansa ya faɗa, ɗaya bayan ɗaya, da muryar da ta tabbata tana ƙetare darni. Bai ɗago ba. Taɓaryar tana ta sauka, tana rage sauri, har ta tsaya.

"Har raƙumin, Goggo?"

"Har raƙumin."

A ɗaya gefen darnin, Kaleb yana kwance wa jaki ɗamara. Igiya biyu ce kawai, amma ya daɗe a kanta.